Huseina Mai Feshin Hanci

A Kuyello aka haifi Huseina, ita da 'yar'uwarta Hassana, kuma tsofaffin garin sun ce tun ranar suna aka raba musu gado: Hassana ta ɗauki haƙuri, Huseina ta ɗauki murya. In ta tsaya a tsakar gida ta kira kajinta, har na maƙwabta sai sun zo.

Da ta girma ta auri Abarshi, manomin masara, mutum mai sanyin hali da nauyin kunne. Masu tsegumi sun ce nauyin kunnen nan ne ya riƙe auren lami lafiya. Suna nan suna noma har lokacin da mutanen daji suka hana kowa zuwa gona mai nisa, sai suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma cikin Birnin Gwari. Abarshi ya sami aikin awon hatsi a wani sito. Huseina kuwa ta kafa rumfar abinci a bakin tashar da ake lodin masara, tuwo da miyar kuka da hantsi, shinkafa da wake da rana.

Abu biyu aka san ta da su a tashar. Na farko goro. Bakinta ba ya rabuwa da shi, kuma ba ta cin fari, sai ja mai kauri. Na biyu ƙin jinin masu shan ƙwaya. Da yawa cikin 'yan dakon tashar sai sun haɗiyi tramol kafin su tunkari buhu, suna kiran abin caji. Ita kuwa da ganin idon mutum ta san ya sha.

"Wanda ya sha caji ya je ya ci cajinsa," haka take cewa, muciya a hannu. "Ban dafa tuwona don mai layi ba."

Wanda ya fi shan korar nan shi ne Sadisu, magidanci ɗan Kutemeshi, ƙato mai fara'a, wanda ke ɗaukar buhu yana waƙa. Ya taɓa sayen baƙin tabarau don kada ta ga idonsa. Ta miƙa hannu ta zare shi a hankali, ta duba, ta mayar masa a fuska, ta nuna masa hanya da muciya.

Wata shekara, gab da kaka, baƙi biyu suka sauka a tashar daga wata jami'a: Likita Lydia, 'yar siririya mai magana a tsanake, da abokin aikinta Enoch, wanda ya rungumo wata doguwar jaka. Bincike suka zo yi. Akwai wani magani da ake fesawa a hanci, wanda ke farfaɗo da mutum in ƙwaya irin su tramol da kodin ta yi masa yawa har numfashinsa ya fara tsayawa. Abin da suke son sani shi ne ko mutanen gari, waɗanda ba su taɓa aikin asibiti ba, za su iya koyon amfani da shi. Suka tambayi shugabannin tasha wa ke wuni a wurin ba ya gusawa. Duk yatsu suka nuna rumfar Huseina.

Lydia ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani tiryan-tiryan.

"Mama, kafin a sami abin hawa a kai mutum asibiti, sau da yawa an makara. Amma in akwai wanda ke kusa da maganin nan a hannu, sai a ci ribar lokaci."

Huseina ta juya goro daga wannan kunci zuwa wancan. "To ni mene ne nawa a ciki, 'yar nan? Ni na ɗura musu? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

"Gaskiya ne, Mama, ba dole. Mai shayin can, Malam Ja'afaru, ya ce in ba ki da lokaci shi zai karɓa."

Tsakanin Huseina da Ja'afaru akwai tsohuwar rigima a kan hayaƙin murhu. Ta ajiye muciya.

"Ja'afaru? Mutumin da ba ya iya fasa ƙwai sai ɓawo ya faɗa a kasko, shi za ku ba hancin mutane? Kawo abin nan in gani."

Washegari aka yi koyarwa a wani ɗaki a bayan tasha. Enoch ya zuge doguwar jakarsa ya fito da mutum-mutumin roba, namiji, ba ko ɗan kamfai. Huseina ta juya baya ta ce ba za ta durƙusa a kan ƙato tsirara ba, ko da na roba ne, tana da miji. Sai da aka nemo zane aka ɗaura masa. Ta raɗa masa suna Malam Shiru.

Lydia ta jera mata alamomin: mutum ba ya amsa kira, numfashi ya yi nisa da juna ko ya koma wani irin minshari mai gargada, leɓe ya yi toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura. Matakin farko, a girgiza shi a kira shi da ƙarfi. Huseina ta sunkuya ta kira Malam Shiru. A waje wani direba ya taka birki, ya leƙo yana tambaya wa ke nemansa. Enoch ya ce a duk garuruwan da suka zaga ba su ga wanda ya ƙware a matakin farko kamar ta ba.

Aka ba ta maganin guda biyu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Ta ɗinka musu 'yar jaka ta rataya a wuya a ƙarƙashin hijabi. Daga nan ta shiga jira. Mako ya wuce, wani ya biyo, ba wanda ya faɗi. Ta fara jin haushin 'yan dako a kan wani sabon dalili.

"Da ba ni da magani kullum kuna zubewa kamar mangwaro," ta ce musu. "Yanzu kowa ya miƙe."

Ranar wata kasuwa, da azahar, ta zagaya bayan rumfa zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta ga mutum kwance shame-shame a inuwar mota, malfa a kan fuska, yana wani minshari mai hawa da sauka. Gabanta ya faɗi, amma har da ɗan daɗi a ciki. Ta kira, bai motsa ba. Ba ta tsaya duba ido ko leɓe ba. Ta ɗage malfar, ta zura masa maganin a hanci, ta danna.

Mutumin ya zabura ya yi atishawa, ya rarumi sandarsa yana salati da ambaton Allah, rabi da Larabci rabi da Fillanci. Modibbo Bakoji ne, dattijon makiyayi daga wata ruga mai nisa da gari, wanda ke ja wa mutanensa salla. Tun asuba yake tafe a ƙasa, ga auduga ya toshe kunnuwa da ita saboda ciwon kunne.

Da ya dawo hayyacinsa ya zare audugar. "Baiwar Allah, me na yi miki?"

"Ranka na ceta, Baffa."

"Daga me?"

Huseina ta dubi farin gemunsa, ta dubi carbin da ke wuyansa, ta ga ba hanyar da za ta faɗi kalmar ƙwaya. Wani ɗan kamasho ya faɗa a madadinta. Modibbo ya ce shi a rayuwarsa ko maganin ciwon kai na kemis bai taɓa haɗiya ba, kuma yana so a kai maganar gaban manya.

Manyan tasha suka zauna, suna ta danne dariya da tari. Aka kira Lydia a waya, ta tabbatar wa Modibbo cewa maganin ba ya yi wa wanda bai sha komai ba illa. Aka yanke hukunci Huseina ta ba shi haƙuri da malmalar tuwo da nama. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce ya yafe, amma hancin da aka yi wa laifi bai gama hucewa ba. Tun daga ranar, duk kasuwa sai ya biyo ya karɓi abin da yake kira diyyar hanci.

Sunan Mai Feshin Hanci ya bi ta. Barcin rana ya ƙaura daga tashar. Direbobi suka koma kulle kansu a mota su ɗage gilashi kafin su runtsa. A gida ma, in Abarshi zai kishingiɗa bayan azahar, sai ya ɗaga hannu tukuna.

"Huseina, barci zan yi. Barcin Allah da Annabi. Ki shaida."

Lydia ba ta yi mata faɗa ba. Ta kawo wani maganin a madadin wanda aka ɓata, ta sake bi da ita ta kan alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kuskuren da ya tashi mai barci ya fi kuskuren da ya bar mai mutuwa, amma dai a riƙa duba ido.

Da kaka ta kankama, masara ta cika tasha. Wata rana motoci na haramar bin ayarin da jami'an tsaro ke rakawa Kaduna, masu kaya na ta azalzalar 'yan dako, don wanda ayari ya bari sai ya jira na gaba. Sadisu ya kwana biyu bayansa na ciwo. Ya sha abin da ya saba, bai ji ya kama shi ba, ya ƙara, ya bi da kwalbar kodin. Da hantsi aka neme shi aka rasa, sai ga shi a bayan tarin buhuna, kwance a gicciye.

Kafin Huseina ta iso mutane sun yi masa zobe. Wani ya ce iska ce, wani na sheƙa masa ruwa, wani ya tafi neman madara a ɗura masa. Ta ratsa su ta durƙusa. Waɗanda ke wurin sun ce abin da ya fi ba su tsoro shi ne ba ta ɗaga murya ba, in ban da kiran sunansa. Ta ɗaga fatar idonsa ta ga bakin allura. Leɓensa ya yi toka. Ta sa kunci kusa da hancinsa, ta daɗe kafin ta ji iska ta taɓa ta.

"A nemo keke mai ƙafa uku, asibiti za a kai shi. Mai madarar nan ya koma da abarsa, shaƙe shi za ku yi."

Ta fesa, ta mirgina shi ya kwanta a gefe kamar yadda ta yi wa Malam Shiru. Ba abin da ya canza. Ta jira gwargwadon yadda aka koya mata, sannan ta fesa na biyun a ɗaya hancin. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga. Ya ja numfashi mai ƙara, ya buɗe ido, ya kelaya amai a kan zanenta.

Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yamutsa fuska. "Wa ya sauke min caji?"

Ya yunƙura zai tashi, wai lodinsa bai ƙare ba. Lydia ta riga ta gaya wa Huseina cewa maganin na sakin mutum bayan ɗan lokaci, ƙwayar kuma tana nan a jiki, tana iya sake danne shi. Huseina ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta gyara zane ta zauna daram a kan ƙafafunsa.

"Inna, ki ɗaga ni, don girman Allah."

"Ka ɗauki buhu tun safe, ka ɗauki wannan ma."

Ba ta tashi ba sai da keke ya iso. Daga baya Sadisu ya ce a duk shekarunsa na dako bai taɓa haɗuwa da kaya irin wannan ba. Da aka tafi da shi ta koma bayan tukwane ta daɗe a tsugune. Wata mai tallan gyaɗa ta ga tana share ido, Huseina ta ce hayaƙin Ja'afaru ne.

Binciken su Lydia yana da kashi na biyu: zaman tattaunawa duk mako ga masu son rabuwa da ƙwaya, tare da ganin likita. A asibiti aka fara shirya shi, ba wanda ya je, don duk wanda aka gani ya shiga ɗakin an san abin da ya kai shi. Sadisu ne, bayan an sallamo shi, ya ba da shawara a mayar da zaman rumfar Huseina bayan la'asar. Wanda ya gan su zai ce abinci suke ci.

Haka aka yi. Maza shida ko bakwai kan zauna a benci, Lydia ko Enoch na tsakiya, kowa na faɗin yadda makonsa ya kasance. Huseina ba ta cikin zaman, amma tukunyarta na kusa, bakinta kuma ya fi tukunyar kusa. In wani ya ce ya yi ƙoƙari ya kasa, sai a ji daga bayan murhu:

"Ku daina kawai. Mene ne abin wuya? Hannunka ne ke kaiwa bakinka, ka hana shi."

Lydia ta roƙe ta a keɓe ta rage, ta rage na rana ɗaya. Ran nan ta sake faɗa, sai Sadisu ya juyo da ladabi.

"Inna, ke ma ki daina cin goro mana. Daga yau zuwa Juma'a mai zuwa kawai. Hannunki ne ke kaiwa."

Huseina ta tofar da wanda ke bakinta, ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta ta dangwara a gaban Enoch.

"Riƙe. Ku zuba ido ku ga yadda ake yi."

Ranar farko ta wuce da taƙama. Rana ta biyu kanta ya fara sarawa kamar ana faskare a ciki. Ta zuba gishiri a miya, ta manta, ta sake zubawa. Ta tauna asuwaki har ya ƙare, ta koma kan ɗanyen dankali. Ta yi hamma a kan tukunya har ta kusa faɗawa. Wani fasinja ya ce a ƙara masa miya, abin da ta gaya masa ya sa ya bar tuwon ya shiga motar da ba tasa ba. A gida ta yi wa Abarshi tsawa a kan murfin buta, ya ɗago kai yana kallonta da mamaki.

"Ashe haka muryarki take," ya ce.

Rana ta uku mai tallan goro ya ratsa tasha da faifansa. Huseina ba ta san lokacin da ta bar rumfa ba. Ta tsinci kanta a ƙofar masallaci tana bin mutumin a baya, ludayi a hannu, shi kuma yana waiwaye yana ƙara sauri.

Da yamma manyan tasha suka aiko wakilai da goro ja a cikin ganye, suna roƙonta ta dubi Allah ta dubi jama'a ta koma, don tun da ta fara wannan alwashi ba wanda ya ci abinci mai daɗi ko ya ji magana mai daɗi. Ta kore su. Goron dai suka bari a kan benci.

Washegari da hantsi Sadisu ya zagaya bayan rumfa neman ruwan wanke hannu. Ya same ta a tsugune tsakanin tukwane, ta juya wa duniya baya, kunci ya cika. Suka haɗa ido. Ta buɗe baki za ta yi bayani, jan goro ya riga ta.

Ta jira dariya. Sadisu ya tsuguna nesa kaɗan, ya wanke hannunsa.

"Haka yake, Inna," ya ce. "Ni ma ba na sanin lokacin da ƙafata ke kai ni. Sai dai nawa har cikin ƙashi yake ciwo, ga zawo, ga rashin barci. Kuma in ban sha ba buhu ba ya ɗaguwa, yara ba sa cin abinci."

Huseina ta daɗe tana tauna. "Kada ka gaya wa Ja'afaru," ta ce.

Bai gaya wa kowa ba. Ita ce da bakinta ta faɗa a zama na gaba, tana juya miya ba ta dubi kowa ba. Lydia ta ce goro da tramol ba ɗaya ba ne, nesa ba kusa ba, amma wanda ya ɗanɗana ƙaramin zai iya kwatanta babban. Daga ranar ba a sake jin "ku daina kawai" daga bayan murhu ba. Dokar rumfa ma ta canza. Wanda ya sha ba a korarsa. Ana zuba masa abinci, amma a bencin gaba zai zauna, inda idonta ke kansa, ya ci tuwo ya haɗa da faɗa.

Ba kowa ne ya tsira ba. Ɗaya daga cikin masu zaman ya tafi haƙar zinariya a daji, can ƙwaya ta yi masa yawa ya rasu, ba mai magani a kusa. Ranar da labarin ya zo Huseina ta sauke tukunya da wuri. Sadisu kansa ya koma ruwa ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya koma sai ya ɓace kwana biyu, sannan a gan shi ya zo da kansa ya zauna a bencin gaba ba tare da an nuna masa ba. Likitocin suka gano ciwon baya ne mafarin shansa, suka sa shi a magani da motsa jiki. Ya bar dako ya koma ɗinkin bakin buhu da basilla. Samun bai kai na da ba, amma matarsa Karima ta ce yanzu abin da ya samu gida yake isowa.

Da binciken ya ƙare, Lydia ta dawo ta tara mutanen tasha ta gaya musu abin da aka gano: mutanen gari na iya koyon aikin, kuma sun ceci rayuka a wuraren da aka gwada. Abin da ya rage shi ne a sami masu ci gaba da kawo maganin, wannan kuwa ba a hannunta yake ba, amma tana bin maganar. Huseina ta karɓi lambar wayarta. Tun daga lokacin duk Litinin sai ta kira ta tambayi inda aka kwana, kuma Lydia ta ce ta fi shugabanninta na jami'a matsa mata.

Tana nan a bakin tashar har yanzu, ta ƙara jiki, gashinta ya fara fari. In sabon ɗan dako ya zo, tun kafin ya zauna tsofaffin hannu kan gaya masa yadda abin yake. Kwanan baya wani ya zo daga ƙauye, ya yi sallama yana kauda ido, ya nufi bencin baya. Huseina ta zuba tuwo ta ɗora nama biyu a kai, ta ajiye a bencin gaba.

"Nan za ka zauna, ɗana," ta ce. "In ka gama ci, akwai wasu mutane da ke taruwa bayan la'asar. Ba dole. Amma kwanon nan ba ya barin rumfa, kuma ban ce ka yi sauri ba."